Kafin ka sayi kare mai ɗigo-ɗigo, ka san abin da za ka zuba mishi a kwano

 Yau maganar kare za mu yi. Mun san akwai wanda zai ce, "Haba, duk abin da ke gaban talaka, ga tsadar hatsi, ga ɗaukewar wuta, ga kuɗin lakwal, sai kare?" A yi haƙuri a bi mu har ƙarshe. Maganar kuɗin aljihu ce, kuma maganar rai ce wanda mutum ya kawo gidansa da kansa ya ɗaure.

A shekarun nan karnukan waje sun shigo gari. Ana tallarsu a Facebook da WhatsApp, samari na nuna hotunansu a fada, masu hali na ajiye su don gadin gida. Akwai berje na Jamus, akwai Rotwaila, akwai ƙananan nan masu gashi kamar auduga. Cikinsu akwai wani farin kare dogo mai ɗigon baƙi, wanda in ya gifta sai kowa ya waiwaya. Shi ne Dalmasiyan. Sunansa ya fito daga Dalmasiya, wani yanki na bakin teku a ƙasar Kuroshiya. A Ingila da can shi ke gudu gefen keken doki, a Amurka kuma ya zama karen ƴan kwana-kwana. Da yawanmu a talabijin muka fara ganinsa, cikin majigin yara na kamfanin Disney da ya fito a 1961. Ɗiyansa farare fat ake haihuwarsu, daga baya ɗigon ke fitowa.

Abin da mai sayarwa ba ya faɗi, ko don bai sani ba ko don kar ciniki ya lalace, shi ne wanga kare da lalura ake haihuwarsa. Jikinsa na tara abin da ke zama tsakuwa cikin mafitsara. Kuma abincin da muka saba ɗauka mai araha ga kare, wato kayan ciki daga mahauta da kawunan kifi da sauran miya, shi ne ainihin abin da ke gina tsakuwar. Ra'ayinmu a taƙaice: arahar gaskiya ga wanga kare tana cikin hatsi, ƙwai, nono da ruwa mai yawa. Wanda ya ga ba zai iya tsare wagga ƙa'ida ba, gara ya bar karen inda ya gan shi.

Bari mu faɗi yadda abin yake, don in an gane dalili ba a mantawa. Cikin naman duk wani abu mai rai akwai sinadarin da ake kira purin. In jiki ya narkar da shi sai ya koma asid urik. Sauran karnuka, hantarsu na karɓar asid ɗin ta juya shi ya zama wani abu da ake kira alantoyin, wanda ke narkewa a ruwa kamar sukari cikin shayi, ya fita da fitsari ba tare da wata damuwa ba. Dalmasiyan ma hantarsa na da kayan aikin, sai dai ƙofar da asid ɗin zai bi ya shiga cikin ƙwayoyin hantar a rufe take. Saboda haka yawancinsa ƙoda ke kwasa ta zuba cikin fitsari yadda yake.

Ba jiya aka gano wannan ba. Tun 1916 wani masani ɗan Amurka, Stanley Benedict, ya lura fitsarin wanga kare ya yi kama da na mutum wajen yawan asid urik. Kare na yau da kullum yana fitar da miligiram 10 zuwa 60 a wuni, Dalmasiyan kuwa 400 zuwa 600. A 2008 masu bincike na Jami'ar Kaliforniya da ke Davis suka gano ƙwayar gadon da ke da alhakin abin, sunanta SLC2A9. Sai ɗan kare ya gaji lalatacciyar daga uwa da uba duka sannan lalurar ke bayyana, kuma Dalmasiyan na asali duk haka suka gada. To kun ga, lokacin da mai talla ke buga ƙirji yana cewa "wanga tsantsa ne, babu gauraye," tabbaci yake ba ka cewa lalurar na nan.

Mu mutane mun san asid urik. Shi ke kawo ciwon gaɓɓai da lokotoro ke kira gut, wanda ke kama babban yatsan ƙafa har mutum ya kasa sa takalmi. Mi ake hana mai gut? Hanta, ƙoda, sardin, romo mai kauri. To ku ɗauka Dalmasiyan mai gut ne tun ranar haihuwa, sai dai shi a mafitsara abin ke taruwa. In fitsari ya yi kauri kuma ya yi tsami, asid ɗin sai ya fara kwanciya kamar yadda gishiri ke kwanciya a Bilma in ruwa ya ƙafe. Da farko rairayi ne, sannu a hankali ya dunƙule ya zama tsakuwa.

Ba kowane ne zai kwanta ciwo ba, amma adadin ba kaɗan ba ne. Wani bincike da aka yi a Amurka ya nuna wajen ɗaya cikin uku na mazan na samun tsakuwar. Namiji ya fi shan wahala don hanyar fitsarinsa doguwa ce, siririya, kuma tana bi ta ƙarƙashin wani ƙashi da ke cikin gabansa. Nan tsakuwa ke maƙalewa. Mace hanyarta gajera ce mai faɗi, sau da yawa rairayin na wucewa.

Alamun ba su ɓuya ga mai lura. Kare zai riƙa ɗaga ƙafa yana nishi, fitsari na fita ɗigo-ɗigo ko da jini, yana yawan lasar gabansa. In hanya ta toshe gaba ɗaya sai ya bar cin abinci, ya fara amai, mara ta kumbura ta yi tauri. Daga nan lissafin awoyi ake yi. Cikin kwana biyu zuwa uku ƙoda na iya tsayawa ko mafitsara ta fashe. Wanda ya ga haka kar ya ce bari mu ga gobe, ya ɗauki kare ya nufi likitan dabbobi. Kuma kar a ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen, don shi ma ƙodar yake ci. Wani abin kuma, wagga tsakuwa ba ta cika fitowa a hoton radiyo ba, sai da ekogarafi ake ganinta da kyau. Ku lissafa kuɗin hoto, da na zura roba, da na aiki in ta kai ga yanka, da na mota in kana nesa da babban gari. A nan ne arahar mahauta ke nuna ainihin farashinta.

Yanzu mu duba kwanon. Yadda muka saba, da marece yaro zai tafi wajen mahauta a haɗo mishi guntaye: saifa, huhu, hanji, ƙoda, ɓangaren hantar da ba ta sayu ba. Ko a tsaya wajen mai soya kifi a kwaso kawuna da kayan ciki. Bayan Sallar Layya kuwa sai kare ya yi sati yana biki. Mai gida na ganin ya kyauta, ya ba karensa nama. Ga berje ko karen gida, in an dafa da kyau kuma ba shi kaɗai ake ba su ba, ba laifi. Ga Dalmasiyan kuwa, hanta da ƙoda da saifa su ne kan gaba wajen purin, sai sardin na gwangwani da kifin teku na kwali. Hausawa sun gama magana da suka ce abincin wani gubar wani.

Sauran miya ma akwai magana. Miyarmu ba ta rasa albasa da tafarnuwa, waɗannan kuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare kowane iri ne, in ya ci da yawa ko ya daɗe yana ci. Ga busasshen kifi, ga romon nama, ga dunƙulen ɗanɗano, wanda ban da gishiri da yawansu na ɗauke da sinadaran ƙara daɗi da asalinsu purin ne. Tuwon da ya kwana ba shi da matsala, miyar da ke kansa ce matsalar.

Wani zai ce, to a sayo na Turai mana. Lalle akwai. Kamfanoni irin su Royal Canin da Hill's na yin kuroket na musamman mai ƙarancin purin, kuma yana aiki. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Albashi mafi ƙanƙanta a ƙasarmu jika 42 ne a wata, babban buhun irin wanga abinci kuwa tun a Faransa kuɗinsa ya haura haka, kafin a sa kuɗin jirgi da duwan da ribar mai kanti. Ko kana da kuɗin, yau akwai gobe babu. Karen da aka riga aka yi wa aiki, likita ya rubuta mishi wanga abinci, to a daure a nema. Amma a ce shi ne hanyar kowa da kowa, wannan shawarar mutanen Paris ce, ba ta kai Dakoro ba.

Sai kuroket mai sauƙin kuɗi da ake samu a manyan kantuna. Nan karatun lakwal zai yi amfani. Juya buhun ka karanta jerin abin da ke ciki, don abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa. In ka ga "sous-produits animaux", ko "abats", ko "foie", ko "farine de poisson", ko "levures", ajiye shi. Na farkon kayan ciki ne da ragowar mayanka, na ƙarshen yisti ne, shi ma cike yake da purin. Buhun da ke alfahari da "riche en viande" ko naman daji, ga wanga kare ba abin alfahari ba ne. Wanda ya fi dama shi ne mai shinkafa ko masara da ƙwai ko tsokar kaza. Kuroket da ake aunawa a leda babu buhu babu rubutu, ba ka san abin da ke ciki ba, ba ka san ranar lalacewarsa ba, kuma zafinmu na sa man da ke ciki ya yi wari da wuri. Sannan kowane kuroket busasshe ne, ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. In shi za ka ba da, jiƙa shi har ya yi laushi.

Mu dai a ganinmu, tukunyar gida ta fi. Abin mamaki shi ne abincin da ya dace da wanga kare ya yi kusa da cimar ƙauye. Shinkafa, gero, dawa, masara da dankali duk purin ɗinsu kaɗan ne. Ƙwai kusan babu shi ciki, alhali yana ba da abin gina jiki mai kyau ƙwarai. Nono da kindirmo haka, cuku ma haka in da hali. Kabewa da karas na ba da bitamin ɗin da aka saba samu a hanta. Tsokar kaza ko ta rago ko ta sa matsakaiciya ce, ana iya sawa kaɗan. Wake ma matsakaici ne, a yi shi jefi-jefi. Dabara ɗaya da ba ta cin ko dala: purin na fita cikin ruwan dahuwa. A tafasa naman, a ba kare tsokar, romon kuwa a kai shi tukunyar mutanen gida. Mun san da wuya hannu ya yarda, don romon ne muka saba tsiyaya wa kare a kan tuwo, amma ga wanga shi ne abin gudu.

Mu ɗauki babban kare mai kilo 25 wanda ba ya aikin wahala. A wuni zai iya wadatuwa da wajen giram 250 na shinkafa ko garin hatsi kafin a dafa, da dafaffen ƙwai uku, da kofi guda na nono, da babban cokali na man gyaɗa, da yanki na kabewa ko karas. Wata rana a cire ƙwai ɗaya ko biyu a sa ɗan tafasasshen nama. A raba biyu, safe da marece, a dama shi ruwa-ruwa kamar fate. Da wanga lissafi tiya guda ta hatsi za ta kai wajen kwana goma. Karyayyar shinkafa ta wadatar, ƙwan da ya tsage wanda mai kaji ke karyarwa ya wadatar in sabo ne kuma an dafa shi sosai, da damina kuma ga ƙwan zabi ya cika kasuwa. Wannan awo na farawa ne. Mai kare ya riƙa shafa haƙarƙarinsa: in ƙashi ya fito fili a ƙara, in kitse ya rufe shi har ba a jin shi a rage.

Akwai gyara uku da ba a tsallakewa. Na farko, hatsi da ƙwai ba su da isasshen sinadarin ƙashi. Kar a zubar da ɓawon ƙwan. A wanke, a tafasa, a shanya, a daka shi ya yi laushi kamar gari, a riƙa barbaɗa wajen rabin ƙaramin cokali a wuni. Na biyu, gudun purin ba ya nufin a bar kare da tuwo gaya. Karen da aka hana abin gina jiki wata da watanni zai rame, gashinsa ya zube, har zuciyarsa na iya raunana. Ɗan kare da bai kai shekara ba da karya mai ciki ko mai shayarwa buƙatarsu ta fi haka nesa, awonsu sai da likita. Na uku, in za a sayo bitamin na ƙari a duba kar ya zama mai yisti, irin wanda ake tallarsa don gyaran gashi. Nono kuma a fara da kaɗan, don wasu karnuka yana sa su zawo, musamman ɗanyar madara.

Yanzu ga abin da ya fi kowane araha, kuma shi muka fi sakaci da shi: ruwa. Kare na buƙatar wajen mililita 50 zuwa 60 ga kowane kilo na jikinsa a wuni, wato wajen lita ɗaya da rabi ga mai kilo 25, kuma wannan lissafin ƙasashe masu sanyi ne. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kare na zubar da ruwa ta haki, fitsarinsa ya koma kamar shayin farko. Kwano guda da aka aje a rana tun safe ba ya isa. A sa biyu ko uku a inuwa, a canza ruwan, in da kasko na laka ya fi na ƙarfe sanyi. Kar a ƙara gishiri a abinci wai don ya ji ƙishirwa, a zuba ruwan cikin abincin kai tsaye. Ma'aunin da kowa ke iya dubawa shi ne launin fitsari. In ya yi fari-fari, ana kan hanya.

Shan ruwa kuma sai da fitarwa. Al'adarmu ita ce a kulle karen gadi cikin keji tun asuba, ba a sakinsa sai bayan isha'i, wai don ya yi zafi. Kare ba ya son ɓata makwancinsa, sai ya riƙe fitsari awa goma sha biyu ko fiye. Duk tsawon lokacin nan rairayi na kwanciya cikin mafitsara. A fitar da shi aƙalla sau huɗu a wuni, musamman da sassafe da kafin barci. Wannan ba ya cin kuɗi, lokaci yake ci, kuma mun san wani lokacin shi ya fi wuyar bayarwa.

Dole mu ja kunne game da maganin fada. Masu kiwon ragon layya sun san fitsarin rago na ɗaurewa in an cika shi da dusa babu isasshen ruwa da ciyawa, don haka za ka ji wani ya ce ai ciwo ɗaya ne, ga abin da muke yi. Tsakuwa iri-iri ce. Ta rago yawanci daga sinadarin fosfor na dusa take, tana haɗuwa cikin fitsarin da ba shi da tsami, shi ya sa likita ke ba da abin da zai ƙara tsamin. Ta Dalmasiyan cikin tsami take haɗuwa. Maganin wancan cutar wanga ne. Wani kuma zai ce to a jiƙa mishi kanwa tun da tana kashe tsami. Kanwa ba ta da awo, in ta yi yawa sai a kauce wa tsakuwa guda a faɗa wa wata. Haka ƙwayar allopurinol da ake ba mai gut. Likitan dabbobi na amfani da ita, amma in aka ba kare ita alhali yana ci gaba da cin hanta da kifi, wata tsakuwa ce daban ke fitowa, wadda ake kira zantin. Kar mutum ya shiga farmasi ya zama likitan kansa.

Abin da ya fi shi ne awon fitsari, ko sau biyu a shekara. A tari na safe cikin kwalba mai tsabta a kai da wuri, don in ya jima rairayi na fitowa ko da babu shi a mafitsara. Likita zai duba abu uku: kaurin fitsarin, wanda ake so ya yi ƙasa da 1.020, da tsaminsa, wanda ake so ya tsaya wajen 7, da ko akwai rairayi in an duba da madubin likita. Kuɗin awon bai kama ƙafar kuɗin aiki ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

To mu komo ga mai tambayar farko, don tambayarsa na da nauyi. Ƙwai uku a wuni, ƙwai 90 ke nan a wata. Akwai gidaje da yawa a ƙasar nan da yaro ke yin wata bai ga ƙwai ba, kuma kowa ya san yadda tamowa ke cin yara a jihohin Maraɗi da Damagaram. Shin ya halatta a zuba wa kare? Ba za mu kauce wa tambayar ba. In kwanon kare zai rage na yaro, to wanga kare ba na gidan ba ne, magana ta ƙare. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne hanya ta uku da mutane ke bi: a sayi karen don a gani, a ciyar da shi abin da ke kashe shi, in ya mutu a ce kwanansa ya ƙare ko maƙwabci ya sa mishi guba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kuma in gadi ake nema, akwai wani abu da ya kamata a sani. Kurumta ta yi yawa cikin wanga iri. Ƙididdigar Amurka ta nuna wajen 8 cikin 100 ba su ji da kunne ko ɗaya, wajen 22 cikin 100 kuma da kunne guda suke ji. Mai gadin da ba ya jin motsi a bayan katanga, mi ya rage na gadinsa? Kafin ka biya, tsaya bayan ɗan karen inda ba ya ganinka ka tafa hannu, ka ga ko zai waiwaya. Farar fatarsa ma ba ta son ranarmu, hanci da kunnuwa na ƙonewa.

Alhali muna da namu. Karen Azawak, mai dogayen ƙafafu da siririn ciki, sunansa daga kwarin Azawak yake, can arewacin Tawa har cikin Mali. Buzaye da sauran makiyaya sun daɗe suna gadin zango da farauta da shi, cimarsa kuwa gero ne da nono, sai abin da ya samu a daji. Tun shekarun 1970 Turawa suka fara kai shi ƙasashensu, a 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta sa shi cikin jerin irin da ta yarda da su. Su suna biyan kuɗi su ɗauki namu, mu muna biyan kuɗi mu ɗauko wanda hantarsa ba ta cika aiki ba. Karen gida ma da muke rainawa ya san zafi, ya san tuwo, kunnensa garau. Shi ma yana da haƙƙin ruwa da inuwa da allurar haukan kare, wadda kariya ce ga yaranmu kafin ta zama kariya gare shi.

Ga wanda zuciyarsa ta kafe sai mai ɗigo, a sani cewa masu kiwo a waje sun nemi gyara. A 1973 wani masani, Robert Schaible, ya haɗa Dalmasiyan da karen farauta da ake kira Pointa don ya dawo da lafiyayyar ƙwayar gadon, aka yi ta mai da zuriyar cikin Dalmasiyan har kamannin suka koma daidai. Sai 2011 waccan ƙungiya ta Amurka ta yarda ta yi musu rajista. Irin waɗannan fitsarinsu kamar na kowane kare yake. Amma ba a gane su da ido, sai da awon gado. Duk mai tallar da ya ce nasa irin su ne, ka ce ya nuna takarda. In babu, ka ɗauka yana da lalurar, ka ciyar da shi a kan haka.

Kiranmu ga masu sayar da karnuka shi ne su faɗi gaskiya tun wajen ciniki. Mai sayar da babur ma yana faɗa maka irin man da za ka zuba. Likitocin dabbobi da ma'aikatan kiwo, mun san shanu da awaki da raƙuma sun ishe ku aiki, amma karnukan nan sun riga sun shigo, ƴar takarda guda da Hausa da Faransanci mai jerin abin da za a ba su da abin da za a hana za ta ceci da dama. Mahauta ƴan uwanmu, ba cinikinku muke ɓatawa ba, in yaro ya zo sayen guntaye ku tambaye shi wane irin kare ne a gidan.

Ku kuma da kuka riga kuka ajiye shi, ba sai kun jira wata ya ƙare ba. Daga yau a cire kayan ciki da kifi da romo. A sauya abincin sannu-sannu cikin mako guda don kar cikinsa ya ɓaci, a ƙara kwanon ruwa, a buɗe kejin da rana, gobe da safe kuma a tsaya a kalli yadda yake fitsari. In kun san wani mai irin wanga kare a unguwarku, ku isar mishi da saƙon. Allah ya ba mu ikon sauke nauyin duk abin da muka ɗaure a gidajenmu, ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya.